Falon da Aka Kai Philemon

Dinah tana cikin aji a Ribah, tana fama da 'yan aji huɗu a kan lissafin rabawa, sai wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta duba, sunan Mama ne. Tun da aka kwantar da yayanta Philemon a asibiti can Afirka ta Kudu ba ta ƙara ɗaukar wayar gida da kwanciyar hankali ba. Ciwon ƙoda ne ya kayar da shi, kuma labarin ƙarshe da matarsa Theresa ta ba ta shi ne yana kan na'ura, ba ya gane wanda ke tsaye a kansa.

"Dinah, bar abin da kike yi ki taho gida," in ji Mama Leah. "Ɗan'uwanki ya tashi. Sun baro asibiti, yanzu haka shina falo."

"Falo, Mama?"

"Falo na ce miki. Matarshi ta kira ni da bakinta. Ki taho, mata sun fara taruwa."

Dinah ta durƙusa nan gaban allo ta yi godiya ga Ubangiji, yara suka saki baki suna kallon malamarsu. Ta nemi izinin hedimasta, ta tare ɗan kabu-kabu, suka kama hanyar Zuru. A kan hanya ta yi ta gwada lambar Theresa, amma hanyar nan kowa ya san halinta, waya ba ta shiga sai an kusa gari.

Sai an san falon Mama Leah kafin a gane abin da kalmar nan ta yi mata a kunne. Mijinta, marigayi Saja Dominic, ya yi yawo da ita bariki-bariki, daga Kaduna zuwa Inugu zuwa Legas, kuma duk inda suka sauka ciki da falo ne rabonsu. A can ta tsinci Turancinta irin na matan soja, wanda ya isa a yi cinikin kifi da shi, a yi faɗa a bakin famfo, a kuma gaida matar kwamanda. Cikin duk kalmomin da ta kwaso babu wadda take taƙama da ita kamar parlour. Takan ce Hausawa aro suka yi, suka lanƙwasa ta ta koma falo, ita kuwa daga bakin matan hafsoshi ta ɗauko ta sabuwa dal. Da Saja ya yi ritaya suka gina gida a unguwar Rikoto a Zuru, ta bar shi ya yi yadda ya ga dama da sauran ɗakunan, amma falo nata ne. Kujeru da lulluɓin leshi, kabad cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, hoton Saja da kaki a bango. Ba a kwana a ciki, ba a ci a ciki, mara lafiya kuwa ko kusa. Fasto ke shiga, da surukai, da wanda ya yi wanka ya sa kayan kirki. A wurinta mutum ba ya zama a falo sai yana da lafiyar miƙewa ya gaida baƙo. Dinah da Philemon sun sha duka a kan falo suna yara fiye da yadda suka sha a kan komai.

Tun daga bakin layi Dinah ta jiyo tulun kiɗa. Tana shiga gidan ta tsaya cak da jakarta a hannu. Ƙofar falo a buɗe take har bango, ranar aiki, ba Kirsimeti ba ba Ista ba. Matan zumuntar coci sun cika kujerun, wasu ma da takalmansu, suna waƙar yabo suna tafi. An fito da tangaran daga kabad ana wankewa. A tsakar gida an fige zakara, shinkafa na kan wuta, maƙwabciyarsu Adama matar mai awo tana juya kunu a babbar roba.

"Malama, sannu da hanya," in ji Adama. "Yau Allah ya yi muna abin arziki. Mutum jiya kan na'ura, yau zaune hwalo. Allah shi ƙara mai lahiya."

Mama Leah ta fito da gudu-gudu irin na tsofaffi, zanen zumunta a ɗaure, ta rungume 'yarta. Rabon Dinah da ta ga haƙoran uwarta a waje haka tun kafin rasuwar Saja. Ta ja ta har cikin falon, ta sa aka tsayar da kiɗa, don ta sake ba da labarin wayar. Daga yadda matan suka gyara zama Dinah ta gane ba wannan ne karo na farko ba, kuma ba su gaji da ji ba.

"Ina tsince dawa ta kira. Tana kuka, kuka sosai, kun san kukan murna ya fi na baƙin ciki ƙarfi. Na ce Theresa, yi a hankali, ni Turancina na bariki ne. Ta ce, Mama, he passed. Na ce ya yi fasin, ya haye ke nan. Ta ce babu sauran ciwo, shina hutawa. Na ce ina shi ke? Ta ce sun bar asibiti, shina parlour." Ta ɗaga yatsa, ta maimaita kalmar a hankali don waɗanda ba su yi bariki ba. "Parlour. Kuma ta ce za su kawo shi gida nan Zuru. Da bakinta."

Matan suka ɗauki guɗa, tulu ya dawo. Dinah ta yi murmushi tare da su, amma labarin bai zauna mata ba. Ta taɓa jinyar babanta, ta san yadda mai ciwo ke tashi, da zama a bakin gado, da kurɓar kunu, da dafa bango. Ba ta taɓa ganin wanda ya sauko daga na'ura ya zarce kujera ba. Kalmar nan ta fasin ma ba ta kwanta mata ba, ta dai ture ta gefe don ba ta son inda take neman kai ta. Ta ce wa uwarta bari ta je ta canza kaya, ta zagaya bayan gida gindin mangwaro, inda waya ta fi kamawa.

Bugu ɗaya Theresa ta ɗauka. Da Turanci suke magana kullum, don Theresa 'yar Durban ce, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba.

"Theresa, mun ji labari. Mama ta ce kun koma gida. Ba shi wayar in ji muryarsa, ko kalma ɗaya ce."



"Dinah, me Mama ta gaya miki?"

"Ta ce yana falo."

"Yana parlour, e. Da safe suka zo suka ɗauke shi daga asibiti."

"Su wa suka ɗauke shi?"

"Mutanen parlour ɗin." Muryar Theresa ta karye. "Funeral parlour, Dinah. Inda ake ajiye gawa kafin jana'iza. Philemon ya rasu da asuba. Na gaya wa Mama, komai na gaya mata. Ta yi ta cewa an gode Allah, an gode Allah, na ɗauka ƙarfin bangaskiyarta ne. Har na ji kunyar kukan da nake yi."

Dinah ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba. Ba ta yi kuka ba, kukan bai samu hanya ba. Kunnuwanta suka toshe, amma abin haushi, tulun kiɗan nan yana shiga tar-tar, da muryar uwarta a saman ta kowa tana jan baiti. Theresa tana can tana kiran sunanta a waya. Dinah tana kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa kusa da ƙafarta, ta kasa ɗauke ido daga kanta.

"Wannan ƙarar da nake ji mece ce?" in ji Theresa.

"Waƙa ce."

"Ta makoki?"

"Ta godiya," in ji Dinah. "An yanka kaza."

Ta ji Theresa ta ja numfashi kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Dinah ta ce za ta sake kira, ta kashe.

Abin da ya fi gigita ta shi ne, ita ma da ita aka kira, da ba lallai ta tsira ba. Ita ce malamar makaranta, ita ce ta sha rubuta kalmar nan a allo tana cewa yara su maimaita, ɗakin karɓar baƙi. Ta san akwai parlour ta shan giya, ta san akwai ta gyaran gashi, duk ta gan su a allunan shaguna a Kaduna. Ta gawa kuwa, ko ta taɓa gani a littafi, ba ta taɓa jin ta a bakin mutum ba. A nan mutuware ake cewa, kalmar da ko kurma ya ji ya san babu alheri a cikinta. Waɗanne irin mutane ne za su ɗauki sunan ɗakin da ya fi kowanne daraja a gida su liƙa wa wurin ajiye gawa, sannan su gajarce shi, su yar da rabin da ke faɗin gaskiya? Ta ji haushinsu, ta ji haushin Theresa, ta ji haushin Philemon da ya tafi ya mutu a inda ba a kiran abu da sunansa. Sannan ta tuna babu sauran Philemon ɗin da za ta ji haushi.

A haka Kawu Mika ya same ta. Ƙanin Mama ne, manomi, daga gona aka kira shi, ya zo da daminsa na rake don masu murna. Ya zagayo wanke ƙafa ne ya gan ta zaune a turɓaya da kayan makaranta.

"Ɗiyata, lahiya?"

Ta gaya masa a taƙaice, don ba ta da ƙarfin yin kwana-kwana. Butar da ke hannunsa ta faɗi, ruwan ya bi ƙasa.

"Amma falo aka ce," ya ce.

"Can haka suke kiran wurin, Kawu."

"Wurin gawa?"

"Wurin gawa."

Ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa. Ya waiga wajen gidan, inda yayarsa ke rera waƙa.

"Ni na yi rawa yanzun nan," ya ce a hankali. "Da tsufana na shiga na yi rawa." Ya share fuska da hular. "Wagga magana ba ta bakinki ba ce, kuma ba a faɗa wa uwa ita cikin taro. Bari in kirawo Fasto da dattawa, a sallami matan nan da dabara, a zaunar da ita."

Shawara ce mai kyau, da an samu lokacinta. Mama Leah ce ta ɓullo ta kusurwar gida, tana share zufa da bakin zane, fuskarta na sheƙi.

"Nan kuka ɓuya. Kin same su? Ba ni shi in ji. Mata na son su yi mai waƙa ta waya."

Ta dubi 'yarta a ƙasa, ta dubi ƙaninta da hula a hannu, ta dubi butar da ta kife. Murmushin bai bar fuskarta nan take ba, ya tsaya a wurin ba shi da abin riƙewa.

"Yaya, mu shiga ɗaki," in ji Mika.

"Mi ya faru?"

"Mu shiga ɗaki dai."

Suka bi ta ƙofar baya zuwa ɗakin kwananta. Bango ɗaya ne tsakaninsa da falo, kiɗan har girgiza labule yake yi. Mama Leah ta ƙi zama. Mika ya buɗe baki ya fara da cewa kowane mai rai, sai maganar ta maƙale masa, ya juya ya fuskanci bango. Dole ta dawo kan Dinah.

"Mama, falon da Theresa ta ce ba irin namu ba ne. A ƙasarsu akwai wurin da suke kira haka, inda ake kai wanda ya rasu. Yaya Philemon ya rasu da asuba."

Dinah ta shirya wa ihu, ta shirya wa faɗuwa, har ta matso don ta tare ta. Abin da ba ta shirya wa ba shi ne dariya. Mama Leah ta yi wata gajeriyar dariya ta raini, irin wadda take yi wa mai kifi idan ya faɗi kuɗin banza.

"Ke za ki koya mini parlour? Tun ba a haife ki ba nake share shi. Na shiga na kyaftin, na shiga na kanar, na shiga na Bature ma a Legas. Ba wanda na taɓa ganin gawa a ciki."

"Mama, da ita na yi magana yanzu."

"Ba ki ji da kyau ba. Da mutuwa ce ai late za ta ce, ko ta ce mutuware. Ni ban san Turancin mutuwa ba? Wa ya karɓi saƙon mutuwar mazan mata a bariki in ba ni ba?" Ta nuna Dinah da yatsa. "Ta ce babu sauran ciwo."

"Babu, Mama."

"Ta ce shina hutawa."

Dinah ta sunkuyar da kai.

"Ta ce za su kawo shi gida." Wannan karon a hankali ta faɗa, kuma Dinah ta ga lokacin da maganar ta juya a bakinta ta nuna mata ɗaya fuskar. Tsohuwar ta dafa ƙarfen gado. Amma ba ta sallama ba. "Kira min ita. Ni zan tambaye ta."

Dinah ta kira, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Mama Leah ta karɓi wayar da hannu biyu, ta tattaro duk Turancin da ta mallaka.

"Theresa. Which parlour?"

Theresa ta faɗa mata, a hankali, kalma bayan kalma, da kalmomin da ba su da fuska biyu. Ta ce ya mutu. Ta ce gawarsa ce a can. Ta ce ta yi haƙuri, ta yi haƙuri, ba ta san kalmar za ta ɓatar da ita ba. Dinah ta fara fassarawa, uwarta ta ɗaga mata hannu, wato ta ji.

Mama Leah ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Ta kafe wayar da ido kamar za ta hango ɗakin ta cikinta. Ta bangon ana jin matan sun canza waƙa, sun ɗauko wadda ta fi sauri, wata tana kiran Mama Leah ta fito ta taka. Mika yana tsaye ya haɗa kai da bango, kafaɗunsa na motsi. Tsoro ya kama Dinah, don shirun uwarta ya fi duk wani ihu da ta taɓa ji muni.

"Tambaye ta," in ji Mama Leah daga ƙarshe, da muryar da ba ta da hawa ba ta da sauka. "Wa ke zaune wurinshi yanzu?"

Dinah ta tambaya. Tambayar ta ba Theresa mamaki. Ta ce ba a zama a wurin. Ta ce ma'aikata ne ke kula da komai, kuma da yamma suke rufewa, ta tabbata yanzu ma sun kusa tashi. Gobe idan ta kira su ta sanar za su ba ta lokaci ta je ta gan shi.

Dinah ta tsaya tana neman yadda za ta sassauta maganar. Ba ta samu dama ba, uwarta ta riga ta tsinci abin da take nema.

"Ba kowa?"

"Ba kowa, Mama."

"Shi kaɗai, a ƙasar mutane."

"Haka suke yi a can."

"Su kulle ƙofa su tafi gidajensu su ci tuwo." Ta girgiza kai a hankali. "Ubanshi da ya mutu, mutum nawa suka kwana kanshi? Ko bare ya mutu garin nan ba a barin shi shi ɗaya. Yaron da ko gona ba ya son zuwa sai da abokin tafiya." Ta miƙa wa Dinah wayar, ta riƙe mata hannu gam. "Ki ce mata uwarshi na roƙon ta. Ban ce su buɗe mata ba, na san ba su buɗewa. Ta tafi ta zauna ko bakin ƙofar ne, ko cikin mota. Ta kira sunanshi ya san da mutum a waje. Ni ƙafata ba ta kai can."

Dinah ta fassara. Ba ta rage komai ba, ba ta ƙara ba. A ɗaya gefen suka ji jan hanci. Can suka ji motsin kujera, da ƙarar makullai ana kwasa daga kan tebur, da buɗe ƙofa.

"I am going now, Mama," in ji Theresa.

Wannan bai buƙaci fassara ba. Mama Leah ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta saki hannun 'yarta. Sannan ta ɗora hannu biyu a ka, ta kira sunan ɗanta da yarensu na C'lela, sunan da ta raɗa masa tun kafin a yi masa baftisma, da muryar da ta ratsa bango. A falo tafi ya fara tsayawa, sannan waƙar, sai mai tulu ita kaɗai da ba ta ankara ba, ta ƙara bugu biyu ko uku kafin wata ta riƙe mata hannu.